Ruwan Injin Garzali

Duk Gazawa babu wanda bai san kukan injin Garzali ba. Ranar da ya tashe shi a filin bayan garajin baffansa Sale, sai awaki su tsinke igiya, kaji su haye katanga, tsofaffin gindin itacen bedi su toshe kunnuwa suna Allah wadai da boko. Wai injin jirgin sama ne. To, jirgin ne dai ba a gani ba. Abin da aka gani shi ne wani ƙarfe mai siffar katantanwa da ya ciro daga mataccen kamyon, irin babbar motar kayan nan, ya haɗa shi da tsohuwar tukunyar gas da tarin tiyo, ya ɗaure a kan teburin ƙarfe da aka kafe a ƙasa da siminti. Ta gaba ya zuƙi iska, ta baya ya yi aman wuta, shi ke nan aikinsa.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta taɓa zuwa kallo ba, ita ce Ummuhani, wadda ta haife shi.

Kada wani ya ce rashin so ne. Garzali ɗan fari ne, ita kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Agye, can ya yi lakol, wato makarantar boko, can ya yi gemu, sai bayan rasuwar mahaifinsa ya dawo gida. Tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ko a ɗaka ita kaɗai. "Wancan" take cewa, ko kuwa "yayanki" in da ƙanwarsa Rufaida take magana. Rufaida ce ke kai saƙo ta kawo tsakaninsu, alhali suna tsakar gida ɗaya. Da aka kai ta ɗakin miji a Cadawa, sai zancen uwa da ɗa ya tsaya a ina kwana da sannu da aiki.

Amma kunya a baki take, ba ta hana ido gani. Bazarar bara Ummuhani ta ga an shigo da shi hannu naɗe da bandeji. A bakin rijiya ta ji labarin: injin ne ya yi zafi fiye da kima, farfelar cikinsa ta tarwatse, ɓallin ƙarfe ɗaya ya yanke shi a dantse, wani kuma ya nutse cikin kututturen bedi, har yau ba a iya ciro shi ba. Ranar ta kalli bango ta ce, "Wasu dai ba sa jin magana." Sannan ta shiga makewayi ta sha kukanta, ta wanke fuska ta fito.

To yau ga shi za a sake, kuma a gaban baƙi. Malaman wata babbar lakol ta koyon injin jirage sun ji labarinsa, sun ce za su zo su gani da idonsu, in abin ya tsaya da ƙafarsa su tafi da shi karatu. Kuma don neman magana, ba da sanyin safiya suke so ba, sai rana ta take tsaka, a wannan bazara da ko ƙadangare ke neman inuwa.

Ummuhani ba ruwanta da lakol. Ita dai a dawo mata da shi da ƙafafunsa.

Shi ya sa tun jiya ta je gidan Malam Ubaidullahi ta karɓo rubutun tsari. Malam ya cika allo gaba da baya, aka wanke a kwanon sha, ya ce mai shi ya sha ya shafe jiki. Da sassafe ta ajiye kwanon a ƙofar ɗakinsa, ta rufe da faifai, ta koma kan turminta kamar ba ita ba. Garzali ya fito a gurguje, waya a kunne, ya tsallake kwanon ko kallo bai yi ba, ya hau moto, babur ɗin nan nasa, ya tafi.

Haba! Ta tsaya da taɓarya a hannu, ranta na tafasa. Ta bi shi? Ta je garaji, gaban makanikai, ta miƙa wa ɗan fari kwano? Gara ƙasa ta tsage ta shige.

Sai idonta ya faɗa kan shuɗiyar jarkar nan da ke zaure. Ta san ta. Ta daɗe tana ganin yana dafa ruwa a tukunya, tururin na bin tiyo yana ɗiga a cikinta, ɗis, ɗis, kamar mai haɗa turare. Ba ta taɓa tambaya ba, amma ta ji yana gaya wa Sale cewa ruwan da injin zai sha ke nan. Ta shiga saƙawa. Ai yaron ba shi ne mai mugunta ba, ƙarfen ne. Direbobi ma in sun yi sabuwar mota ba yayyafa mata rubutu suke yi ba? In mai shi bai sha ba, to abin da ake tsoro ya sha. Ta yi bisimilla, ta buɗe murfin, ta juye kwanon kaf, har kaurin tawadar da ya kwanta a ƙasa ta lakato da yatsa don kada albarka ta saura. Ta rufe, ta girgiza.

Ba a jima ba ya dawo ɗaukar jarkar. Ya ɗaure ta a bayan moto, ya tsaya a bakin zaure ya ce wa iska, "To, mun tafi. A sa mu a addu'a."

"Allah ya tsare," ta ce wa turmi.

Da hantsi sai ga Rufaida daga Cadawa, goyo a baya, bakinta ya riga ta shiga gida.

"Inna, wallahi yau sai kin je. Ba filin za ki shiga ba, gidan Baffa Sale za mu tsaya, ta bayan darni ana ganin komai."

"Ni? In je in kalli me?"

"Ki kalli bedi mana, in ba ki son kallon mutum."

Ummuhani ta ja tsaki. Amma ta yafa mayafi.

Filin ya cika maƙil. An kewaye injin da igiya, jandarma biyu na korar masu matsowa. Baƙin na zaune a rumfar da Sale ya kafa musu, babbansu wani siririn dattijo ne mai tabarau, Mushe Habibullahi, kamar yadda ake kiran malaman lakol, yana ta fifita da hularsa. Rana kuwa ba a magana, ƙasa kamar an juye garwashi. Matan unguwa sun jeru a bayan darnin gidan Sale, kowa ta samu kafar da za ta leƙa. Daga nan Ummuhani ta hango ɗan nata a karo na farko a bakin aikinsa, riga ta jiƙe sharkaf, auduga a kunnuwa. Ta kawar da kai, ta sake dubawa. Ga jarkarta can zaune cikin daro, an kewaye ta da ƙanƙara.

"Kin ga durom ɗin da ya maƙala a bakin injin?" in ji Rufaida. "Shi ne sabon abin, shi baƙin suka zo gani. Yaya ya ce injin nan abincinsa iska ne. Iska in ta yi zafi sai ta yi sakayau, ya yi ta zuƙa ba ya ƙoshi, ƙarfinsa ya ragu, cikinsa ya ɗau zafi. Kamar tuwo ne, Inna, in da zafi ba a yin babbar loma. Wai manyan jiragen nan masu gudun tsiya can sama, gudun da kansa ke dafa iskar tun kafin ta shiga bakinsu, dole sai an fifita musu ita. Shi ya sa malaman suka ce da rana, wai zafin Gazawa ya ishe su gwaji."

"To shi da me yake fifitawa?"

"Da ruwan jarkar can. A cikin durom akwai wasu 'yan hudoji, ruwan na fita ta ciki kamar feshin turare, iskar ta ratsa ta yi sanyi. Da shi ne zai iya buɗe wa injin wuta fiye da bara. In ruwan ya tsaya kuwa…" Ta kalli kututturen bedi.

"Me zai tsayar da shi?"

"Babu, in Allah ya yarda. Ai shi ya sa ya wahala yana dafa ruwa. Hudojin sun fi kafar allura ƙanƙanta. Ya ce ko ruwan pampo aka zuba sai sun toshe, balle na rijiya. Ko garin gero ya faɗa ciki an gama."

Ummuhani ta haɗa babban yatsanta da manuni a ƙarƙashin mayafi. Ba ta wanke hannun ba tun safe, don ba a wanke rubutu a zubar. Yatsun suka manne. Ta raba su, ta sake haɗawa, suka sake mannewa. Wa bai san da me ake tawada ba? Baƙin tukunya ne da ƙaro. Ƙaron da ake liƙe takarda da shi.

Ta juya wajen 'yarta.

"Rufaida…"

A daidai nan injin ya tashi. Ya fara da fito siriri, ya yi wani bam da ya sa mata suka dafe ƙirji, sannan ya buɗe murya gaba ɗaya. Darni ya ɗau rawa. Goyon Rufaida ya tsandara kuka amma ba a jin sa, bakin kawai ake gani a buɗe. Ita kuwa Rufaida tuni ta matsa gaba ta ɗaga waya tana ɗauka.

Da farko komai ya tafi daidai. Garzali ya murɗa wani abu, tiyon jarkar ya motsa, ya ƙara wuta. Allurar babban ma'aunin da ke nuna ƙarfin injin ta fara hawa, ta wuce jan zanen da aka yi mata na bara. Baƙin suka miƙe tsaye. Mushe Habibullahi ya daina fifita, ya duba agogon hannunsa, don sharaɗin shi ne injin ya riƙe wannan ƙarfi har lokacin da suka yanka. Samari na tsalle suna ɗaga hannu. Ummuhani ta shiga yi wa kanta ƙarya: wataƙila tawadar Malam ba ta da kauri, wataƙila ruwan ya fi ƙarfinta. Duk addu'ar da ta zo bakinta yi take, ba ta san farko ba balle ƙarshe.

Sai kukan ya canza.

Duk filin nan babu wanda ya riga ta ji. Su kallo suke zuwa yi, ita kuwa tun da aka fara wannan abu sauraro take daga tsakar gida, taɓarya a tsaye, har sai ya yi shiru ta ji ba a yi kururuwa ba. Ta san muryar injin ta lafiya, ta kuma san wadda ya yi bara kafin a shigo mata da yaro da bandeji. Ita ce wannan, siririya, a shaƙe.

Bututun baya ya fara sauya launi, daga baƙi ya koma ja. Garzali ya ƙwanƙwasa wani ƙaramin ma'auni da yatsa. Ya dubi pampon ruwan, yana aiki. Ya taɓa tiyon, ya kumbura tam. A ganinsa ruwa na tafiya, ina zai san cewa turawa ake yi amma babu mafita? Ya waiwayi rumfa. Mushe Habibullahi ya ɗaga hannu, alamar saura kaɗan. Sai ɗan banzan taurin kan nan nasa ya motsa, irin na ubansa sak. Maimakon ya kashe, ya zagayo teburin yana neman inda matsalar take, ya durƙusa a gefen ƙarfen katantanwar, kansa dab da shi, a kan layin tokar da shi da kansa ya zuba don kada kowa ya tsaya a wurin. Layin ya miƙe ne har gindin bedi.

Ummuhani ta fizgo Rufaida, ta sa baki a kunnenta.

"Na zuba rubutu a jarkar!"

Wayar ta suɓuce ta faɗi. Rufaida ta buɗe baki ta ƙwala, "Yaya! Yaya!" Ina! Ko wadda ke kusa da ita ba ta ji ba. Ta yunƙura za ta fita, ta tuna goyo, ta tsaya tana kiciniyar kwance zani.

Ummuhani ba ta jira ba. Ta ture ƙyauren darni ta faɗa cikin maza. Matar da ko kasuwa ba ta ratsa taron maza, yau ga ta tana ture manyan riguna da gwiwar hannu. Takalminta ɗaya ya cire, ƙasa ta gasa mata tafin ƙafa, ba ta ji ba. Ta kai igiya, wani jandarma ya tare ta da hannu biyu, bakinsa na cewa ta koma.

"Kai!" ta yi ihu. "Kai yaro! Kai wancan!"

Wa zai waiwaya? Filin cike yake da kai da yaro da wancan. Tana ganin ƙeyarsa, zufa na bin wuyansa, tabon bara na ƙyalli a dantsensa. Jan ƙarfen ya kusa komawa fari. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, har da ranar da ta haife shi.

Injin ya yi tari, ya sarƙe, ƙarar ta faɗi na ɗan ƙiftawar ido. A cikin wannan 'yar kafa ta zuba duk abin da ke ƙirjinta.

"Garzali!"

Sunan ya fito a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Amma ya fito, kuma rabin filin ya ji. Dubban baki sun kira shi da sunan nan, da auduga a kunne ko babu, bai taɓa juyowa irin wannan ba. Ya ɗago a firgice, ya ga wadda ke tsaye a bakin igiya, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Kashe shi! Ruwan ba ya fita! Kashe shi, Garzali!"

Ya kalli rumfa. Hannun Mushe na sama har yanzu, saura ƙiris. Ya kalli allurar da ke tsaye inda ya daɗe yana mafarkin ganin ta. Ya sake kallon uwarsa. Sannan ya yi tsalle baya, ya kai hannu ya rufe mai.

Kukan ya fara sauka, yana sauka, yana sauka. Kafin ya mutu aka ji ƙas daga cikin ƙarfen, wani abu ya yi ta karo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani, har ya tsaya. Filin ya yi tsit, sai kukan ɗan Rufaida da yanzu kowa ke ji.

Da ƙarfen ya huce aka buɗe. Farfelar ta tsage har tsakiya, fiffike ɗaya ya ɓalle amma bai samu ƙarfin fasa gidansa ba. Sale ya kalli farfelar, ya kalli inda kan yaron yake ɗazu, ya cire hula ya share fuska. Mushe Habibullahi ya sa aka kwance durom ɗin. Hudojin duk sun liƙe da wani baƙin danƙo. Ya lakata, ya murza a yatsa.

"Wannan wane irin ruwa ne, samari?"

Garzali ya lakata shi ma, ya kai hanci. Wanda ya tashi a hannun kaka ai ba a gaya masa ƙanshin tawada. Bai waiwaya inda uwarsa take ba.

"Ruwanmu ne na gida, Mushe. Ni ne ban duba ba."

Dattijon ya jinjina kai. Ya ce abin da ya gani da farko ya burge shi ƙwarai, amma sharaɗi sharaɗi ne, injin bai kai lokaci ba, kuma gurbi ɗaya ne suke da shi bana, akwai wasu garuruwan a gabansu. Aka yi musafaha, motarsu ta ɗau hanyar Agye.

Ummuhani ba ta tsaya ganin tafiyarsu ba. Ta ratsa ta gaban darni, tana jin matan na ƙus-ƙus, "Kun ji? Ta kira shi. Har sau biyu." Ta shiga gida ta zauna a bakin murhu da babu wuta. Yana da rai, wannan ta sani, ta kuma gode wa Allah. Amma ta san abin da ta karya masa da hannunta. Rufaida ta shigo, ta ajiye mata takalmin da ta tsinto.

Bayan la'asar aka ji moto a ƙofa. Ya shigo da shuɗiyar jarkar a hannu, ya ajiye a tsakar gida. Ya dubi Rufaida kamar yadda aka saba.

"Ce wa Inna…"

Sai ya fasa. Ya je ƙofar ɗakinsa, inda kwanon shan ke kife a kan faifai tun safe, ya ɗauko. Ya tsuguna a gabanta, kusa, yadda bai taɓa yi ba. Ya karkata jarkar, ruwa mai duhu-duhu ya cika kwanon.

"Dama ni aka yi wa?"

Ta kalli murhu. "Malam cewa ya yi a sha, a shafe jiki."

Ya yi bisimilla ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya kusa shanyewa. Ragowar ya zuba a tafi ya shafe fuska da wuya, ya bi tabon dantsensa. Ta so ta ce ya yafe mata, kalmar ta ƙi fitowa, sai hawaye suka fito a madadinta, a gabansa, ba makewayin da za ta gudu.

Ya ajiye kwanon. Idonsa ja ne shi ma, amma bakinsa na son yin murmushi.

"Inna," ya ce, "ashe kin san sunan."

Ta ja gefen mayafi ta share hanci, ta juya masa ƙeya.

"Na ji ana faɗi a gari," ta ce.